Wa Ya Taɓa Auna Ƙarfin Mace? Tarihin Zari-Rugar Mata, Daga Sidni Zuwa Bakin Koginmu

Masu cewa data ba ta isarsu sauraron murya, ga shirin wannan mako a rubuce. Yana da ɗan tsawo, ku gyara zama.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani wasa da na san yawancinmu ko a talabijin muka ci karo da shi wucewa muke yi, wato zari-ruga, kuma na mata. Na san wani zai ce, ke kuma ina Dole Kaina ina zari-ruga? Ku bari in faɗa muku yadda aka yi.

A ƙarshen watan Oktoba na 2025 ina zaune a tsakar gidan gwaggona, ita tana fama da tukunyar gumi, ni kuma ina latsa waya. Sai na ci karo da guntun bidiyon 'yan matan Najeriya, waɗanda ake kira Green Falcons, suna wasa a ƙasar Kanada. Wata ta rungumo ƙwallo ta sheƙo, mata biyu suka tare ta da kafaɗa suka kai ta ƙasa, ta miƙe kamar ba ita ba. Na miƙa wa Gwaggo wayar. Ta goge hannu da zane, ta duba, ta ce: "Kai, wagga ɗiya akwai ƙashi. Ana biyansu?" Na ce ana ɗan ba su. Can ta ga an fitar da wata an sako wata, ta ce: "Au, har canza su ake in sun gaji?" Ta yi dariya, ta miƙo min wayata, ta koma kan wutarta.

Tambayoyin nan biyu na Gwaggo su suka sa na shiga karatu. Sai na tarar ashe tarihin wasan kaf a kansu ya ginu.

Bari mu fara da shi kansa wasan, don kada in bar wasu a baya. Zari-ruga iri biyu ne. Akwai mai 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, akwai mai 13, wanda ake kira lig. A kan mai 13 nake magana. Filin mita 100 ne a tsawo, 68 a faɗi. Ƙwallon kamar ƙwai take, a hannu ake riƙe ta, kuma ba a jefa wa abokin wasa ita ta gaba, sai baya ko gefe. Burin shi ne a kai ta bayan layin abokan hamayya a dire, a samu maki 4, in an buga ta shiga tsakanin sanduna a ƙara 2. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama shida: in an kayar da su sau shida ba su ci ba, ƙwallo ta koma hannun wancan ɓangare. Ga kuma dokar da ta fi cin jiki: duk lokacin da aka kayar da mai ƙwallo, masu tsaro dole su ja baya mita 10, sannan su sake tasowa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Wasan ya samo asali ne daga rigimar kuɗi. A arewacin Ingila, ƙarshen ƙarni na 19, masu buga zari-ruga yawancinsu leburori ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa. Ranar Asabar ake wasa, kuma ranar aiki ce a wurinsu. Wanda ya je wasa an yanke masa kuɗin yini, wanda ya karye kuma iyalinsa sun shiga uku. Ƙungiyoyinsu suka ce a bari su riƙa biyan ɗan wasa abin da ya rasa. Manyan da ke riƙe da hukumar wasan, 'ya'yan masu hali da ba su san zafin yanke albashi ba, suka ce atafau, wasa don nishaɗi ake yi. A ranar 29 ga Agusta 1895, wakilan ƙungiyoyin arewa suka taru a otal ɗin George da ke garin Huddersfield suka ɓalle, ƙungiyoyi 22 suka kafa tasu hukumar, suka amince da biyan sule shida a yini. A 1906 suka rage 'yan wasa zuwa 13 don wasa ya ƙara sauri. A 1908 ya kafu a Ostareliya.

Kun ga tambayar Gwaggo ta farko ke nan. "Ana biyansu?" A kanta aka raba wasan gida biyu. Sai dai waɗannan da suka yi faɗa don a san darajar gumin talaka, da aka zo kan mata sai suka manta.

A 1921 wasu mata biyu a birnin Sidni, Nellie Doherty da Molly Cane, suka rubuta wa hukumar wasan cewa mata na son su buga. Da farko an saurare su, har aka fara koya musu. Da surutu ya yi yawa a jaridu, hukumar ta janye, ta kuma yi barazanar korar duk namijin da ya taimaka musu. Matan ba su fasa ba. Ranar 17 ga Satumba 1921 suka fita fili, ƙungiyar Metropolitan da ta Sydney, a gaban 'yan kallo sama da 20,000. Wata yarinya 'yar shekara 15, Maggie Moloney, ta dire ƙwallo sau huɗu ita kaɗai. Mutane suka watse suna labarinta. Amma ba fili, ba alƙalai, ba goyon baya, cikin ɗan lokaci abin ya mutu.

A Ingila ma shekarar ce. Ƙwallon ƙafa ta mata ta yi farin jini har wasa ɗaya a filin Goodison Park, a Disamba 1920, ya tara mutum 53,000. A Disamba 1921 hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata filayenta, wai wasan bai dace da mace ba. Sai da aka yi kusan shekara 50 kafin a ɗage. A gasar Olamfik kuwa, bayan tseren mita 800 na mata a 1928, jaridu suka yayata cewa matan sun zube don wahala, aka soke tseren, bai dawo ba sai 1960.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan: duk waɗannan hukunce-hukunce an yanke su da sunan tausayin jikin mace, alhali a cikin masu yankewar ba wanda ya auna abin da jikin yake iyawa. Zato aka yi, aka mai da shi doka. Kuma a garuruwan da ake cewa mace ba za ta jure minti 80 a fili ba, mata na tsaye a masaƙa daga safe har yamma, ba wanda tausayi ya kama.

Sai da aka yi shekara 74 bayan wasan Sidni kafin a buga wasan ƙasa da ƙasa na farko na mata, tsakanin Ostareliya da Niyu Zilan, a 1995. A 1996 matan Birtaniya suka tara kuɗin jirgi da kansu suka je Ostareliya, suka kuma ci wasa biyu cikin uku. A 2000 aka fara gasar kofin duniya ta mata. Niyu Zilan ta ɗauki uku na farko, Ostareliya ta ɗauki uku na bayansu, na ƙarshe a filin Old Trafford a Nuwamba 2022, da ci 54 da 4. Eh, filin Manchester United ɗin da samarinmu ke faɗa a kai a gidan kallo. Ingila ta kafa babbar gasar mata a 2017, Ostareliya ta kafa tata, NRLW, a 2018 da ƙungiyoyi huɗu kacal, a 2025 sun kai 12. Daga baya har aka sa wa lambar gwarzuwar wasan jihohi na mata a Ostareliya sunan Nellie Doherty, matar da aka rufe wa ƙofa.

To a nan ne awo ya shigo. Yanzu kowace 'yar wasa a manyan ƙungiyoyi tana sanye da wata 'yar na'urar GPS, ba ta kai ƙaramar waya ba, a cikin aljihun riga tsakanin kafaɗu. Tana rubuta nisan da aka yi, da saurin da aka yi shi, da sau nawa aka zabura, sau nawa aka ci birki, da ƙarfin karo. Masu bincike a Ostareliya da Ingila sun tattara wannan, ga kuma abin da ya fito.

Wadda ta buga wasa daga farko har ƙarshe tana cin wajen kilomita biyar zuwa shida, wato kamar mita 70 zuwa 80 a kowane minti. Na san wani zai ce, wannan ai ba komai ba ne, 'yar tallar nono ma ta fi haka. Gaskiya ne, kuma mafi yawan nisan da tafiya da sassarfa ake yin sa, gudun tsiya kaɗan ne a ciki. Wahalar a yadda ake yin sa take. Ku tuna dokar mita 10. An kayar da mai ƙwallo, kin ja da baya mita 10 fuskarki na kallon gaba, kin taso da gudu, kin kai wa mace mai nauyinki ko fiye karo, kun yi kokawa a ƙasa, kin miƙe, kin sake ja da baya. Sau shida a jere, in ba a yi sa'a ba a ƙara wasu shida. Duk wanda ya taɓa tuƙa babur a cunkoson kasuwa ya san tashi da tsayawa sun fi miƙaƙƙiyar hanya shan mai. Haka jiki yake.

Kuma aikin ba ɗaya ba ne ga kowa. 'Yan tsakiya, masu jiki, su ne 'yan karo. Nisansu bai kai na sauran ba, amma ɗaya na iya kayar da mutum sau 30 ko fiye a wasa guda, ban da karon da ita ake kai mata. Shi ya sa ake fitar da su su huta a sako wasu, don kowace ƙungiya na da 'yan canji a benci. 'Yan gefe kuma su ne 'yan gudu: sukan daɗe ba su taɓa ƙwallo ba, sai a wayi gari fili ya buɗe, a buƙaci duk saurin da Allah Ya ba su cikin daƙiƙa biyar. Akwai kuma masu rabon ƙwallo, waɗanda dole kansu ya yi lissafi daidai lokacin da huhu ke neman iska. Na'urar ta kuma nuna yadda gudu ke raguwa in wasa ya yi nisa, da kuma 'yan mintocin da wasa ke ɗaukar zafi fiye da kima. Koci mai hankali don waɗannan mintoci yake horar da 'yan wasansa, domin a nan ake cin mutum, a nan kuma ake jin rauni.

Ga wani abu da ya burge ni. Da aka fara gasar NRLW minti 60 ake bugawa. Da horo ya inganta, aka ga jiki ya ɗauka, aka mai da shi 70. Wasannin kofin duniya kuwa 80 ne cif, daidai da na maza. Wato an gwada, an duba, an ƙara. Da haka aka yi a 1921, da ina aka kai yanzu?

Kada kuma in yi muku daɗin baki. Wasan nan yana da haɗari. Akwai buguwar kai da ke girgiza ƙwaƙwalwa, akwai karaya, akwai tsinkewar jijiyar gwiwa, wadda bincike a wasanni daban-daban ya nuna ta fi samun mata a kan maza. Kuma har yanzu ilimin bai cika ba, don shekara da shekaru a jikin maza ake gwaji, a ɗauko sakamakon a ɗora wa mata. Wani nazari da ya duba binciken kimiyyar wasanni daga 2014 zuwa 2020 ya tarar kashi 6 cikin 100 ne kawai aka yi a kan mata zalla. Batun al'ada, da ciki, da dawowa fili bayan haihuwa, yanzu ne ake fara ba su muhimmanci. Amfanin awon ke nan: a san lokacin da za a ce wa mutum ki huta, kafin jiki ya faɗa da kansa. Jiki magayi, in ji Hausawa, amma in ka jira shi ya gaya maka, sau da yawa an makara.

Mu dawo gida. Cikin waɗanda suka tsaya aka kafa wannan wasa a Najeriya akwai Ade Adebisi, wanda ya buga shi a matakin ƙwararru a Ingila alhali yana ɗauke da ciwon sikila. Ku da kuke da mai sikila a gida kun san abin da wannan ke nufi. A 2019 maza suka ɗauki kofin yankin Gabas ta Tsakiya da Afirka a Legas. Matan kuma suka tsallake Kenya a 2024, suka samu zuwa Kanada neman gurbin kofin duniya na 2026. A can suka doke Ailan da ci 10 da nema. A wasan ƙarshe Fiji ta lallasa su, 62 da 4.

Na ga masu yi musu dariya a kan wannan ci. Ni abin da na gani daban ne. A cikin 'yan Fiji akwai masu buga gasar NRLW, masu likita, da mai kula da abincinsu, da na'urar da ke ƙirga kowane takunsu. Namu kuwa wasa nawa suke samu a shekara? Tazarar maki 58 ɗin nan tazarar tanadi ce. Ƙashi dai, kamar yadda Gwaggo ta faɗa, akwai shi.

Kuma ni shaida ce a kan akwai shi, don a cikinsa na tashi. Mu a Dole Kaina, inda Najeriya da Nijar da Benin suke kallon juna a bakin kogi, wa ke aikin ƙarfi in ba mata ba? Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ban da nauyin robar. Yarinya 'yar shekara 13 za ta ɗora ta a ka daga bakin ruwa, ta hau gangare cikin yashi, ta sauke, ta koma, sawu biyar ko shida kafin rana ta take. Ku lissafa da kanku. Ga surfe da daka, taɓarya na hawa da sauka ɗaruruwan sau. Ga gumin shinkafa: a jiƙa, a ɗora, a sauke tukunya da zafinta, a shanya, a kwashe. Ga masu bandar kifi da ke yini cikin hayaƙi. Ga masu ɗaukar kaya daga jirgi zuwa tudu ranar kasuwa, wata da goyo a baya. Ɗaga nauyi, sunkuyo, miƙewa, tashi da tsayawa, duk abin da na'urar can ke ƙirgawa yana nan. Bambancin, ba mai ƙirgawa, ba benci, ba mai hura usur a minti na 80.

Ni kaina a firamare ba wanda ke kamo ni a gudu, har mazan. Da na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare aka ce na girma. Wani malami ya ce min gudu yana lalata mahaifa. A ranar da ya faɗa min haka, da na koma gida sawu huɗu na yi na ruwa, ba wanda ya tuna da mahaifata. Na bar gudu, na bar gaɗa, na bar iyo. Sai da na je jami'a na fahimci maganarsa ba ta da tushe a likitanci, irin zaton 1921 ne ya biyo jirgi ya iso mana. Yau cikin ƙawayen da muka yi tsere tare, waɗanda ba su kai 30 ba, akwai mai ciwon baya da ba ta iya sunkuyawa ta ɗauki ɗanta.

Na san abin da ke ran wasunku, kuma ba zan kauce masa ba. Ba cewa nake a kwashi 'yan matanmu a sa musu gajeren wando su yi kokawa a gaban maza ba. Muna da addini, muna da kunya, ina kuma alfahari da su. Amma addinin nan shi ya kawo mana labarin tseren da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ta wuce shi a karon farko. Fili mai katanga, malama mace, sutura cikakkiya, wanne ne ya gagare mu a ciki?

Ga abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Na ɗaya, darasin motsa jiki da ke rubuce a jadawalin makarantunmu ya zama ana yin sa da gaske, har da 'yan mata, har bayan sun balaga. Iyaye da ke kwamitin makaranta, ku tambaya. Na biyu, samari masu ƙungiyoyin ƙwallo, ku bar wa ƙannenku filin ko yamma ɗaya a mako, ku kuma tsare musu shi daga 'yan leƙe. Na uku, wanda ya fi kusa da kowa: ka ƙirga. Gobe ka zauna ka ƙirga sawun ruwan da ƙanwarka ko matarka ko mahaifiyarka ta yi, ka ninka da 25. In lissafin ya ba ka kunya, ɗauki baro ko babur ka yi sawu biyu. Mai ciki wata takwas da ke ɗaukar jarka ta fi kowace 'yar wasa a duniya buƙatar a canje ta.

Ranar nan da Gwaggo ta sauke tukunya ta uku, na ce ta kawo in kama mata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce: "Ke da hannun biro?" Muka kama tare dai. Wallahi kwana biyu kafaɗata na ciwo, ita ko da asuba ta riga ni tashi.

Ina son jin naku. 'Yan uwa mata, wane wasa kuka iya kuna yara, kuma a wace shekara aka ce ku bari? Maza, wa ke ɗebo ruwa a gidanku? Ku rubuta a ƙasa, zan karanto wasu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Wanda ya ga da amfani ya tura wa wani.

Allah Ya ba iyayenmu mata lafiya, Ya saka musu da alheri. Sai mun sake haɗuwa.